Hasken Aji: Fitilun LED da Tsimin Wutar Lantarki a Makarantun Samaru da Sabon Gari

Shirin na yau ya shafi hasken da ɗalibai ke karatu da shi a makarantun Samaru da sauran sassan ƙaramar hukumar Sabon Gari, da yadda sauya tsofaffin ƙwayayen fitila da irin waɗanda ake kira LED, tare da na'urorin da ke kunna su da kashe su ba tare da hannun mutum ba, zai rage kuɗin wuta ya kuma sauƙaƙa wa idon yaro. Yankin da ya tashi daga Bomo da Basawa, ya biyo ta Samaru da Palladan da Hanwa da Kwangila, ya dangana da Muciya da Cikaji, yana cikin wuraren da makarantu suka fi yawa a arewacin Najeriya, domin a cikinsa ne babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello take, wadda aka buɗe a 1962, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama, ban da makarantun firamare da sakandare da Islamiyyu da ke cikin kowace unguwa. Duk waɗannan gine-gine suna buƙatar haske, kuma a 'yan shekarun nan hasken ya yi tsada.

A watan Afrilun 2024 hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, wato NERC, ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga masu amfani da wuta na rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225, kuma ko da yake an ɗan rage shi a watannin da suka biyo baya, bai sauko ƙasa da naira 200 ba a shekarar. Jami'ar Ahmadu Bello tana cikin cibiyoyin da suka fito fili suka koka cewa kuɗin wutarsu na wata guda ya kai ɗaruruwan miliyoyin naira. Kafin nan, cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya riga ya sa tayar da janareto ya zama abin da shugaban makaranta ke yin dogon tunani kafin ya ba da izini, sannan a ƙarshen Oktoban 2024 lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta arewa ta bar yawancin jihohin yankin cikin duhu na kwanaki da dama. Makarantar da ke wannan hali tana fama da matsala biyu lokaci guda, wato wutar da take samu tana da tsada, kuma ba ta da tabbas, saboda haka duk abin da zai rage yawan wutar da gini ke ci yana taimakawa ta fuska biyun.

Domin a fahimci bambancin fitilu, akwai ma'auni biyu da ya kamata a raba su, domin mutane da yawa a kasuwa suna ɗaukar ɗaya a matsayin ɗaya. Wat shi ne ma'aunin wutar da fitila ke ci, lumen kuwa shi ne ma'aunin hasken da take bayarwa, kamar dai man da mota ke sha da nisan tafiyar da ta yi da shi. Tsohon ƙwan fitila mai zare a ciki, wanda ke ba da haske ta hanyar gasa siririyar waya har ta yi jajur, yana cin wat 60 ya ba da kimanin lumen 800, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da ya ci zafi take zama, shi ya sa ba a iya taɓa shi da hannu bayan ya ɗan jima a kunne. Doguwar fitilar nan ta fulorasan da aka saba gani a silin ɗin azuzuwa ta fi shi tsimi sosai, amma tana tafe da wani ƙarfe mai nauyi da masu gyaran wuta ke kira cok, wanda shi ma yana cin nasa wat ɗin, ta yadda fitilar da aka rubuta wa wat 36 takan ci kusan wat 45 idan an haɗa da shi. Ƙwan LED mai kyau yana ba da lumen 800 ɗin nan da wat 8 zuwa 10 kacal, doguwar LED mai wat 18 kuma tana maye gurbin doguwar fulorasan.

Asalin wannan tsimi yana cikin yadda ake samar da hasken. A cikin LED babu zaren da ake gasawa, babu kuma iskar da ake tartsatsi a cikinta. Wani ɗan ƙanƙanin sinadari ne mai ƙarfi wanda ke fitar da haske kai tsaye idan wuta ta ratsa shi. Wani injiniya a Amurka mai suna Nick Holonyak ya ƙera irinsa mai jan haske a 1962, amma an shafe shekaru kusan talatin ba a iya haskaka ɗaki da shi ba, domin ba a samu mai shuɗin haske mai ƙarfi ba sai a farkon shekarun 1990, ta hannun masana uku daga Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, waɗanda aka ba kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014 saboda wannan aiki. Farin hasken da ake gani a yau shuɗin nan ne aka lulluɓe da wani garin sinadari mai launin rawaya, wanda ke juya wani ɓangare nasa har idon mutum ya ga fari.

Lissafin ribar ba shi da wuya, kuma ya kamata kowane shugaban makaranta ya iya yin sa da alƙalami da takarda. Idan aji yana da dogayen fulorasan guda 6, yana cin kimanin wat 270. Idan aka sauya su da dogayen LED, zai ci wat 108, wato an rage wat 162, wanda a cikin awa 6 na karatu ya kusa yunit ɗaya a rana. A shekarar karatu mai kimanin kwana 200, kuma a kan farashin naira 200, aji ɗaya ya tsimar da kusan naira 39,000. Amma inda ribar ta fi yawa ba cikin aji ba ne, a waje ne, wurin fitilun tsaro da na baranda da na ƙofar shiga, waɗanda ke kwana a kunne. Fitilar da ke aiki awa 12 kowane dare tana yin awa 4,380 a shekara, saboda haka idan aka cire tsohon ƙwai mai wat 100 aka sa LED mai wat 15, wannan ƙwai ɗaya zai rage kimanin yunit 372 a shekara, wato kusan naira 74,000, in har ana samun wutar dukan daren. Wannan ya nuna cewa makarantar da kuɗinta bai isa ta sauya komai lokaci guda ba, ta fara da fitilun da suka fi daɗewa a kunne, wato na tsaro, da na ɗakunan kwanan ɗalibai, da na ɗakin karatu, da na zaurukan lacca inda ɗaliban jami'a kan raba dare suna bita idan jarrabawa ta gabato.

Akwai sharaɗi guda da ake yawan mantawa da shi, wanda in babu shi duk wannan lissafi ya tashi a banza, shi ne mita. Makarantar da ake kawo wa takardar kuɗin wuta bisa ƙiyasi ba za ta ga ragin ko kwabo ba komai kyan fitilun da ta sa, domin babu abin da ke auna wutar da ta daina ci. Don haka neman mita daga kamfanin rarraba wuta na Kaduna Electric, wanda shi ne ke kula da wannan yanki, yana gaba da sayen fitila, kuma rubuta abin da mitar ta nuna a farkon kowane wata, kafin sauyi da bayansa, shi ne hujjar da shugaban makaranta zai nuna wa iyaye da hukuma.

Tsimin kuɗi kuwa rabin zancen ne, domin dalilin farko na sa fitila a aji shi ne yaro ya ga abin da yake karantawa. Hasken da ya sauka a kan tebur ana auna shi da ma'aunin da ake kira luks, wato yawan lumen da ya faɗo a kan murabba'in mita ɗaya, kuma ƙa'idojin gini da aka fi bi a duniya sun daɗe suna neman aƙalla luks 300 a kan teburin ɗalibi da kimanin luks 500 a kan allo. Wanda ya shiga wasu azuzuwa da safiyar hunturu, lokacin da hazo ya rufe rana kuma aka rufe tagogi saboda sanyi da ƙura, zai ga yaran da ke jikin bango suna sunkuyar da kai har hancinsu ya kusa taɓa littafi, na layin baya kuma suna ƙanƙance ido don su kwafi abin da ke kan allon da fentinsa ya koɗe. A sama kuwa sau da yawa akwai doguwar fitila wadda bakinta biyu suka yi baƙi, tana ƙyaftawa tana ƙara kamar za ta kama amma ba ta kama ba. Irin wannan ƙyaftawa tana gajiyar da ido, takan sa wasu ciwon kai, kuma yaron da idonsa ya gaji yakan daina kwafin darasi, malami kuma ya ɗauka lalaci ne. Abin takaici ne a hukunta yaro kan laifin da yake na silin ɗin ajinsu.

Launin hasken ma yana da muhimmanci. A jikin kwalin kowane ƙwai nagari akwai lamba da harafin K a ƙarshenta: 2700 zuwa 3000 haske ne mai ɗan ja-ja irin na tsohon ƙwai, 4000 fari ne matsakaici, 6500 kuwa fari ne fat mai ɗan shuɗi, kuma shi ne ya fi yawa a shaguna. Matsakaicin ya fi dacewa da aji da ɗakin karatu, mai ɗan ja-ja kuma ya fi dacewa da ɗakin kwana da fitilun waje, domin bai cika tara ƙwari ba da damina kamar yadda mai shuɗi ke yi. Haka nan ƙwai tsirara da ke rataye a gaban idon ɗalibai yana kashe ido, gara a sa masa murfi mai baza haske, a kuma kafa na gaban aji yadda haskensa zai faɗa kan allo ba tare da ya dawo cikin idon yara ba.

Daga nan sai batun na'urorin da ke sarrafa fitilu, waɗanda 'yan kwangila suka fi son ambata saboda su ne suka fi burge mai sauraro. Mafi sauƙinsu kuma mafi amfani a wannan yanki ita ce na'urar auna hasken rana, wadda ke kunna fitilun waje idan magariba ta yi, ta kashe su idan gari ya waye, ta haka ta kawar da abin da kowa ya saba gani na ƙwan baranda da ke ci da tsakar rana saboda an kawo wuta bayan maigadi ya tafi gida. Sai na'urar jin motsi, wadda ke gane ɗumin jikin mutum idan ya gitta, ta kunna fitila, ta kuma kashe ta bayan wasu mintuna idan wurin ya zama babu kowa. Wannan ta dace da banɗaki da matakala da sito da dogayen barandun ɗakunan kwana. Amma tana da rauni guda biyu da ya kamata mai saye ya sani. Na farko, a ajin da ɗalibai suka nutsu suna rubuta jarrabawa ba sa motsi sosai, tana iya kashe musu fitila, sai dai in an saita ta ta jira minti 10 zuwa 15. Na biyu, tunda bambancin ɗumin jiki da na ɗaki take ji, ƙarfinta yana raguwa a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Zariya ke kusantar zafin jikin ɗan Adam, shi ya sa a manyan zauruka ake fifita irin da ke aiki da igiyar rediyo maimakon ɗumi. Agogon kunnawa da kashewa shi ma yana da amfani, amma wanda ba shi da ɗan batir a ciki yakan manta saitinsa duk lokacin da aka ɗauke wuta, kuma a inda ake ɗaukewa sau da yawa a rana, irin wannan agogo wahala kawai zai ƙara.

Akwai kuma manyan tsare-tsare da ke haɗa fitilun gini duka da kwamfuta ko wayar hannu ta intanet, su rage haske ko su ƙara shi gwargwadon hasken da ke shigowa ta taga, su kuma nuna wa jami'in kula da gine-gine yawan wutar da kowane sashe ya ci. Irin wannan ya dace da wuri kamar Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello ko manyan zaurukanta, inda akwai injiniyoyi a kusa. Ga makarantar firamare ko sakandare kuwa, shawarar wannan shiri ita ce a guje shi, domin na'urar da babu mai iya gyara ta a Samaru ko Sabon Gari ranar da ta lalace, ranar ce ƙarshen aikinta, kuma ƙarshenta a tsallake ta a murɗe waya da waya. Abin da ya fi wannan amfani, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, shi ne a raba makunnin aji gida biyu ko uku, layin da ke kusa da tagogi da nasa, na jikin bango da nasa, na allo da nasa, yadda malami zai kunna inda ke da duhu kawai. Kowace na'ura aka sa, a bar makunnin hannu a gefenta.

Sai batun inganci, inda yawancin irin waɗannan ayyuka ke rushewa. Kamfanoni sukan rubuta cewa LED na yin awa 15,000 zuwa 50,000, idan aka kwatanta da kimanin awa 1,000 na tsohon ƙwai, amma mutane da yawa sun sayi ƙwan da bai yi wata uku ba ya mutu. Galibi ba sinadarin hasken ne ke mutuwa ba, ɗan allon lantarkin da ke gindin ƙwan ne, wanda ke daidaita wutar kafin ta shiga, kuma abubuwa biyu ne ke kashe shi, wato zafi da hauhawar ƙarfin wuta. Ƙwan da aka maƙala ƙarƙashin rufin kwano marar silin yana gasuwa da bazara, wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke ta, ko tsawar damina, tana ƙona mai rauni nan take. Maganin shi ne a sa na'urar kare hauhawar wuta a babban akwatin rarraba wutar makaranta, a tabbatar wayar ƙasa tana aiki, a kuma sayi ƙwan da aka rubuta lumen ɗinsa ƙarara, mai jure hawa da saukar wuta, daga dillalin da zai ba da garanti a rubuce. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ƙwan da aka buga wa wat mai yawa a kwali alhali ba shi da nauyi a hannu abin tuhuma ne, kuma sayen guda biyu ko uku a gwada su na wasu makonni ya fi sayen katon guda a makance. Wajen sauya dogayen fitilu kuma, irin da ake haɗawa kai tsaye da wuta yana buƙatar ƙwararren mai gyara ya cire cok da ɗan abin tayar da fitilar da ake kira sitata, in ba haka ba cok ɗin zai ci gaba da cin wutarsa. Bayan an gama, goge ƙurar hunturu daga jikin fitilu da idon na'urori sau ɗaya a zango yana dawo da hasken da ƙurar ta tare.

Tsofaffin fulorasan da aka cire ba abin zubarwa a bola ba ne, domin a cikinsu akwai zaiba, wato sinadarin makuri, guba mai lahani ga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, musamman na yara, kuma yara na son fasa su don jin ƙarar. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan wannan sinadari, kuma bisa shawarar da ƙasashen Afirka suka gabatar, taron yarjejeniyar na 2023 ya tsayar da 2027 a matsayin shekarar daina ƙera dogayen fulorasan da cinikinsu tsakanin ƙasashe. Ma'anar wannan ga makarantu ita ce sauyin yana tafe ko an shirya ko ba a shirya ba. Waɗanda aka cire a adana su cikin kwali a ɗakin da ke kulle har a sami hanyar miƙa su ga hukumar kula da muhalli.

Duk abin da aka faɗa ya shafi makarantun da ke da wuta, alhali akwai azuzuwa da yawa a unguwanni da ƙauyukan yankin da ba a taɓa ja musu waya ba, ko aka ja ɓarayi suka kwashe. Ga irin waɗannan, mataki na farko ba ya buƙatar lantarki: a gyara tagogin da aka toshe da kwano ko bulo, a shafa farin fenti a bango da silin, a sabunta fentin allo. Amma a nan ne kuma LED ta fi yin tasiri, domin ita ce ta sa wutar sola ta zo daidai aljihun ƙaramar makaranta. Ajin da ke cin wat 108 yana buƙatar ƙasa da rabin yunit don karatun awa 4 na dare, abin da farantin sola ɗaya mai wat 300 da batir matsakaici za su iya bayarwa a ranar Zariya, alhali da tsofaffin fitilu sai an ninka batirin fiye da sau biyu. Jami'ar Bayero ta Kano ta sami tashar sola mai megawat 7.1 a 2019 ƙarƙashin shirin hukumar samar da wuta a karkara, amma Islamiyyar dare da ke unguwar Hayin Dogo ko ajin yaƙi da jahilci na matan aure ba sa buƙatar ko kusa da haka, farantai kaɗan da fitilu nagari sun wadatar da su.

Ilimin da wannan aiki ke buƙata yana nan cikin Samaru. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen injiniyan lantarki da sashen zanen gine-gine da Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli kuma tana cikin Zariya, kuma ɗalibansu na neman aikin bincike na shekarar ƙarshe kowace shekara. Zagaya makarantun da ke maƙwabtaka da jami'ar da na'urar auna luks, a ƙirga fitilu, a rubuta awannin da kowace ke yi a kunne, a fitar da lissafin abin da za a fara sauyawa, aiki ne da ɗalibi zai koyi sana'arsa da shi, makarantar kuma ta sami takardar da za ta kai wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai.

Shirin yana kira ga shugabannin makarantu da kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai na Samaru da Sabon Gari da su sa batun hasken aji cikin ajandar taronsu na wannan zango, su shiga azuzuwan da kansu da sassafe su zauna a bencin baya su duba allo, su nemi mita inda babu, su kuma fara da fitilun da ke kwana a kunne.